Maganar Da Ake Yi A Cikin Amya

A wannan mako filin namu zai leƙa wani gida wanda kowa ya san ƙofarsa, amma kaɗan ne suka san abin da ake ciki a cikinsa, watau amyar zuma.

Sa'ad da nake yaro, akwai wata babbar ɗorawa a bayan garinmu wadda aka rataya wa amya uku. Ran da za a ɗebi zuma sai a bari dare ya yi, mai zuman ya hau da igiya da ƙwarya da damin ciyawa yana ci da wuta, mu kuwa yara muna can nesa muna jiran a sammana saƙa. In gari ya waye ka koma gindin itacen, sai ka tarar ƙasa ta yi baƙi ƙirin da ƙudajen da wuta ta babbake. Ba wanda ya taɓa damuwa da wannan, domin an riga an ce zuma sai da wuta. Sai da na girma na yi ɗan karance-karance sa'an nan na gane ashe gari guda ne muke ƙonawa, gari mai labarai da shawarwari da kiɗa, har da makaranta. Abin da masana suka jiyo a cikinsa shi ne zan kawo muku yau, wani ya ba ku dariya, wani kuma ya sa ku yi shiru.

Mu dai Hausawa magana ba da baki ba ba baƙuwarmu ba ce. Makaɗin kalangu yakan matse shi a hammata ya sassauta, sautin ya hau ya sauka yadda muryar mutum take yi, mahauci yana can bakin kasuwa ya ji an kira shi da kirarinsa. Wanda bai san harshen ba kuwa, kiɗa kawai yake ji. To, haka mutane suka yi shekaru dubbai suna kallon ƙudan zuma yana kai da kawowa a kan saƙa, suna tsammanin rawar banza ce.

Wanda ya warware wannan rawa wani shaihun malami ne mutumin Ostiriya, ana ce da shi Karl von Frisch, wanda aka haifa a 1886 ya rasu a 1982, ya kuma yi yawancin aikinsa a Jami'ar Munik ta ƙasar Jamus. Dabararsa mai sauƙi ce, haƙuri ne babban jarinta. Ya yi amya mai bangon gilashi, ya riƙa ajiye ruwan sukari a 'yan faranta nesa da ita, duk wadda ta zo sha sai ya ɗiga mata fenti a baya domin ya shaida ta idan ta koma gida. Na ce "wadda" da gangan, gama dukkan masu fita aiki a gidan zuma mata ne. Mazan ba su ɗebo kome, ba su ma da harbi. Tun wajen 1923 malamin ya lura rawar iri biyu ce, ya kuwa rubuta cewa ɗaya ta ruwan fure ce, ɗaya ta garin fure. Ya zauna a kan wannan ra'ayi shekara 20, sai a 1944 ya gwada nisanta farantin, ya ga ashe kuskure ya yi, ya kuwa fito ya faɗa da bakinsa.

Ga abin da ya gano. Idan abinci yana kusa da gida, mai kawo labari takan yi ta zagaye wuri guda, ma'ana a fita a duba nan kewaye. Idan kuwa da nisa, sai ta miƙe ta yi 'yar tafiya tana kaɗa ƙugu, ta kewayo ta dama ta sake, ta kewayo ta hagu ta sake. Tsawon lokacin da ta ɗauka tana kaɗa ƙugun shi ne nisan wurin, a kimance daƙiƙa ɗaya tana tsaya wa abin da ya kusa kilomita guda. Wajen nuna hanya kuwa nan ne abin mamaki yake. Cikin amya duhu ne, saƙa kuma a tsaye take kamar bango, saboda haka sai suka mai da sama a matsayin rana. In furen yana ta wajen da rana take, sai ta yi tafiyar tana fuskantar sama sak. In yana bayan rana, sai ta fuskanci ƙasa. In kuma ya karkata dama da rana da wani gwargwado, sai ta karkata dama da wannan gwargwado daidai. Sauran suna biye da ita a duhu suna taɓa ta da 'yan gashin nan biyu na goshinsu, suna jin rawar fukafukanta, daga nan su fita su nufi wurin da ba su taɓa zuwa ba. Har ila yau, in rawar ta daɗe, takan riƙa gyara karkatarta kaɗan-kaɗan bisa tafiyar rana, alhali kuwa ba ta ganin ranar. A kan wannan aiki ne aka ba von Frisch lambar Nobel a 1973, tare da wasu malamai biyu, Konrad Lorenz da Nikolaas Tinbergen.

Amma fa ba kowa ne ya yarda nan take ba. A 1967 wani masani Ba'amurke, Adrian Wenner, ya ce rawar dai ana yin ta, amma ƙanshi kawai sauran suke bi. Aka yi ta gardama shekara da shekaru. A 2005 wasu masana daga Ingila da Jamus suka liƙa wa ƙudajen da suka kalli rawa wata 'yar na'ura a baya, suka bi sawunsu da na'urar hangen jirage. Sai ga su sun nufi inda aka kwatanta. Wasu kuma aka kama su a bakin amya aka kai su wani wuri dabam aka saki, suka tashi suka bi wannan fuska da wannan nisa, suka je suna neman faranti inda babu shi. Wanda ƙanshi yake bi ba zai yi irin wannan ɓata ba. Wannan ɓatan mai bin kwatance ne.

Sai batun makaranta. An daɗe ana ɗauka cewa da rawar ake haifarsu, ba sa bukatar malami. A 2023 wasu masana na ƙasar Sin tare da James Nieh na Jami'ar Kalifoniya suka haɗa amya wadda duk 'yan cikinta sa'o'in juna ne, ba babba ko ɗaya da za su kalla. Bisa al'ada ƙaramar ƙuda takan fara bin manya masu rawa tana da kamar kwana 8, ta fara tata wajen kwana 12. Waɗannan marayu da lokacinsu ya yi sun yi rawar, amma a hargitse, ga kuskuren hanya ga kuskuren nisa. Da suka ƙara kwanaki sun gyara na hanya da kansu, na nisan kuwa ya bi su har mutuwa. Wanda duk ya taɓa zama gaban malami da allo ya san wannan: akwai harafin da in ba a gyara maka shi kana ƙarami ba, da shi za ka tsufa.

Labari kuwa in ya bazu a gari, ba kullum yake zama alheri ba. A 2012 masu kiwon zuma na wani gari mai suna Ribeauvillé a gabashin Faransa suka buɗe amyoyinsu suka tarar da zuma shuɗiya da koriya. Hankalinsu ya tashi, suka shiga bincike. Ashe akwai wata masana'anta kamar kilomita 4 daga garin inda ake sarrafa ragowar alewar nan mai launi-launi ta M&M's, an bar mazubanta a buɗe. 'Yan leƙen asiri suka gano wurin, labari ya kai gida, jama'a suka bar wahalar bin furanni suka koma ɗibar banza. Ba a iya sayar da zumar ba, sai da masana'antar ta rufe kayanta sa'an nan aka sami lafiya. Ashe kwaɗayin araha ba ga ɗan Adam kaɗai ya tsaya ba.

Da wannan rawa kuma suke yanke shawara mafi girma a rayuwarsu, watau ta ƙaura. In gida ya cika, tsohuwar sarauniya takan fita da rabin jama'a ko fiye, su dunƙule a reshen itace, kamar yadda muke gani wani lokaci har a tsakar kasuwa. Martin Lindauer, almajirin von Frisch, shi ya lura a birnin Munik bayan Yaƙin Duniya na Biyu cewa wasu masu rawa a kan dunƙulen sun yi duƙun-duƙun, wata da baƙin hayaƙi, wata da jar ƙurar bulo. Ya gane ba fure suka je ba, ramuka suke dubawa a rusassun gidaje. Ya riƙa karanta rawar yana faɗin inda za su sauka, in sun tashi ya bi su da gudu a cikin gari, ya kuwa same su can. Daga baya Thomas Seeley na Jami'ar Cornell a Amurka ya ƙarasa aikin. 'Yan ɗaruruwa ne suke fita neman gida. Kowace ta dawo ta yi rawa gwargwadon kyawun abin da ta gani, wadda ta ji labari kuma ba ta goyon baya sai ta je ta gani da idonta. Abin da ya fi burge ni shi ne, kowace mai rawa tana rage rawarta a hankali har ta yi shiru, ko da wurin nata ne ya fi, ta bar wa na baya su auna. Wani lokaci ma 'yar wani ɓangare takan yi wa mai rawa karo da ka tana 'yar ƙara, watau ya isa haka. Sarauniya kuwa ba ta da ta cewa a duk wannan taro. Inda jama'a suka tsai da, nan take bi.

Ita wannan sarauniya ita ce ta kawo mu ga zancen kiɗa. Mutanen Turai sun daɗe suna ce mata sarki, suna zato namiji ne. A 1609 wani limamin coci a Ingila mai suna Charles Butler, wanda ya haɗa kiwon zuma da sanin kiɗa, ya wallafa littafi inda ya tsaya a kan cewa mace ce ke sarautar. Shi wannan mutum yakan kara kunnensa a jikin amya da maraice, ya ji wasu sautuka biyu, har ya rubuta su da alamomin da Turawa ke rubuta kiɗa da su, a bugun 1623 kuma ya gina waƙa sukutum ta murya huɗu a kansu. Abin da ya ji kuwa gaskiya ne. Bayan tsohuwa ta yi ƙaura, gimbiyar da ta fara fitowa daga ɗakinta takan yi wani dogon sauti siriri kamar na algaita, sauran gimbiyoyin da ke kulle a ɗakunansu na kaki su amsa da gajeru, kamar kukan agwagwa. Masana na wata jami'a a Nottingham da suka saurari amyoyi da na'ura sun ba da bayani a 2020 cewa, a fahimtarsu, ma'aikata ake wa wannan kiɗa: muddin suna jin algaitar, za su ci gaba da tsare sauran a kulle, domin in biyu suka haɗu sai ɗaya ta kashe ɗaya. Ran da algaita ta yi shiru, alamar mai ita ta tafi da nata rabon jama'a, sai a buɗe wa ta gaba.

Ba 'yan gida kaɗai ke sauraron zuma ba. Giwa duk girmanta tana jin tsoronta, domin harbi yana samunta a cikin hanci da gefen ido. A 2007 wata masaniya mai suna Lucy King ta ɗauki kukan zumar da aka fusata, ta ɓoye lasifika kusa da garkunan giwaye masu hutawa a Samburu ta ƙasar Kenya. Cikin garke 17, guda 16 sun bar wurin kafin daƙiƙa 80. An kuma gano cewa giwayen suna da wani gurnani da suke yi suna kaɗa kai, wanda in 'yan'uwansu suka ji sai su ma su gudu. Daga nan aka sami dabara: a kewaye gona da amyoyi, tsakanin kowace biyu mita 10, a haɗa su da waya. Giwa na taɓa wayar sai amyoyin su girgiza, masu gida su fito. A gwajin da aka yi kusa da gandun dajin Tsabo, shingen ya kore kimanin kashi 80 cikin 100 na giwayen da suka nufo gonaki, ga kuma zuma ta sayarwa. Manoman da ke maƙwabtaka da Yankari, waɗanda suka san ɓarnar giwa a dare ɗaya, za su fi kowa gane darajar wannan.

Akwai kuma wani ɗan tsuntsu, wanda ake samu a dazuzzukan Afirka kudu da Sahara har da namu, da ya mai da neman zuma sana'ar haɗin gwiwa da mutum. Shi kaki yake ci, amma ba ya iya fasa kogon itace, mutum kuwa yana da gatari da hayaƙi amma bai san inda kogon yake ba. Tun a 1588 wani Bafotuge mai wa'azin Kirista a Sofala ta Mozambik ya lura da tsuntsun yana shigowa cocinsa yana tsattsagar kyandir. A 1989 aka auna a wurin Borana na arewacin Kenya, aka ga neman da kan ci wajen awa 9 yakan dawo kamar awa 3 in tsuntsun ya yi jagora. A 2016 kuma Claire Spottiswoode ta bi mafarautan zuma na ƙabilar Yawo a Mozambik, waɗanda ke da wani kira na musamman da suka gada, karkarwar leɓe sa'an nan gurnani. Da wannan kira, samun jagora ya tashi daga kashi 33 zuwa 66 cikin 100, samun zumar kanta kuwa daga 17 zuwa 54. Mutanen Hadza na Tanzaniya su da fito suke kira, aka kuma gwada aka ga tsuntsun kowace ƙasa ya fi amsa kiran mutanen ƙasarsa. Tsuntsun daji ne, ba wanda ya kiwata shi, amma ya koyi harshen maƙwabtansa.

To, jama'a, mu komo gindin ɗorawarmu. Ashe karin maganar nan tana bukatar gyara kaɗan, domin abin da ke kwantar da zuma hayaƙi ne. Idan ƙuda ta yi harbi takan saki wani wari mai kiran 'yan'uwanta yaƙi, wanda a hancin mutum yake kama da ƙanshin ayaba. Hayaƙi yana rufe wannan kira, yana kuma sa su duƙufa shan zuma su yi nauyi. Hayaƙi mai sanyi na busasshen kashin shanu ko totuwar masara ya wadatar. Harshen wuta kuwa kisa ne kawai, yana ƙona ma'aikata da 'ya'ya, sau da yawa har da sarauniya, wani lokaci ya kama daji. Wanda ya ɗebi saƙar da ta nuna ya bar mai 'ya'ya, zai dawo baɗi ya sami garinsa a cike. Akwai ma amyar katako mai sanduna a jere a sama, wadda aka fara yaɗawa a Kenya wajen 1971, kowane kafinta zai iya yin ta, ana zaro saƙa ɗaya-ɗaya a duba a mayar.

Wutar zamani kuma ita ce maganin feshi. Wani bincike da aka yi a Faransa a 2012 ya nuna cewa ɗan kaɗan daga wani irin maganin ƙwari, wanda bai kai ya kashe ƙuda nan take ba, yana sa ta kasa gane hanyar gida. A 2018 Tarayyar Turai ta hana amfani da iri uku na wannan dangi a filin gona. Kada manomi ya ce ina ruwansa tun da ba shi da amya. Ƙudan da ke yawo daga fure zuwa fure shi ke kai garin da ke sa fure ya zama ɗa, kuma kimanin kashi 75 cikin 100 na ire-iren manyan amfanin gona na duniya suna da bukatar wannan aiki, wasu kaɗan wasu da yawa. A Burkina Faso, ƙasa mai irin yanayinmu, an rufe furanni aka hana ƙwari kai gare su, rahoton 2017 ya nuna auduga ta ragu da kashi 37 cikin 100, riɗi kuwa da kashi 59. Kankana da kabewa da kaɗanya duk suna cikin masu cin wannan moriya. Saboda haka wanda zai yi feshi ya guji lokacin da gona take cikin fure, in ya zama dole ya bari sai yamma liƙis sa'ad da ma'aikata suka koma gida, ya kuma sanar da maƙwabcinsa mai amya. Wannan ba ya cin ko kwabo.

Masu karatun wannan fili sun san sura ta 16 a Alƙur'ani mai girma sunan ƙudan zuma take ɗauke da shi, watau Suratun Nahli, inda aya ta 68 da ta 69 suka yi zancen gidajensa da abincinsa da warakar da ke cikin zumarsa. Sun kuma san hadisin da Abu Dawuda ya ruwaito daga Ibnu Abbas, Allah Ya yarda da shi, wanda ya sa ƙudan zuma cikin halittu huɗu da Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallama, ya hana kashewa. Mun daɗe muna karanta waɗannan da rana, muna hawa ɗorawa da wuta da dare. 'Yar halittar nan a lokacin aiki kwananta bai fi mako 6 ba, abin da take tarawa duk rayuwarta kuma bai cika ƙaramin cokalin shayi ba. Wanda zai lasa gobe da safe, ya tuna da wannan.

Allah Ya ba mu ikon lura da abin da ke gabanmu, Ya sa mu zama masu tausayin abin da ke ƙarƙashin hannunmu, amin. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu. Wassalam.